Buten kuloci: abin da na gani bayan na gwada iri uku a babbar mota ɗaya

Shekaru huɗu ke nan da na sayi babbar mota kirar MAN TGA ta hannu, irin waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Duwala bayan sun gama aikinsu na fari a Turai. Tun daga lokacin aikinta shi ne ɗaukar kaya tsakanin Ngaundare, inda layin dogo ya ƙare, da Garwa da Marwa da Kuseri, wani lokaci har ta haye gadar Ngeli ta shiga Injamena. A cikin waɗannan shekaru sau uku aka sauke mata akwatin giya, kuma duk sau ukun dalili guda ne ya jawo, wato ɗan boris ɗin nan na kuloci da kanikawanmu ke kira bute, da sunansa na Faransanci, masu sayar da kayan gyara da suka koyi sana'a a Yola ko Kano kuma suke ce masa rilis. Na sa mata sabo mai araha, na sa mata na kwance, wato wanda aka ciro daga wata mota, daga baya na sa mata na kamfanin Sachs, wanda shi ne a jikinta har yau. Tunda mota ɗaya ce, direba ɗaya, hanya ɗaya, ina ganin abin da na gani ya isa a auna su da shi.

Aikin bute shi ne haɗa abin da ke juyawa da abin da ke tsaye. Filato, wato murfin da ke matse faifan kuloci a jikin fulawil, babban faifan ƙarfen da ke bayan injin, yana juyawa tare da injin, furshet kuwa, ƙarfen nan mai kai biyu da ke karɓar ƙarfin ƙafar direba, ba ta juyawa. Bute ne ke tsakaninsu: rabinsa yana tare da yatsun sifirin ɗin filato yana juyawa da su, rabinsa yana hannun furshet yana zamewa gaba da baya a kan wani bututu da ya fito daga goshin akwatin giya, ƙwallayen ƙarfe da giris suna tsakanin wannan rabi da wancan. Idan direba ya taka kuloci, busta mai aiki da iska ta ƙara wa ƙafarsa ƙarfi, furshet ta motsa bute, bute ya motsa yatsun sifirin, filato ya saki faifai, sannan giya ta samu shiga. A motar da faɗin faifan kulocinta milimita 430 ne, irin tawa, sifirin ɗin an yi shi ne don ya riƙe ƙarfin injin da ke jan tan 30 a kan tudu, saboda haka nauyin da ke sauka a kan waɗannan ƙwallaye duk lokacin da aka taka feda ba ƙarami ba ne. A yawancin motocin zamani kuma bute ba ya hutawa ko an ɗaga ƙafa, domin an tsara shi ya kasance tare da sifirin koyaushe, muddin injin yana aiki shi ma yana juyawa.

Abin da ya sa nake ɗaukar maganarsa da muhimmanci fiye da girmansa shi ne wurin da yake zaune. Ba a kai gare shi sai an kwance farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyi daga akwatin giya zuwa ƙafafun baya, an cire wayoyi da bututun iska, an tallafe akwatin giya an ja shi baya, kuma akwatin kamfanin ZF mai giya 16 nauyinsa ya kai kusan kilo 300. A gareji mai rami da jak mai kyau aikin yini ɗaya ne ko biyu. A bakin hanya kuwa, sai an ɗauko bakanike da yaransa da kayan aikinsu daga gari mafi kusa, a biya su kuɗin tafiya, a biya mai gadin kaya, mai kayan yana ta kiran waya, motar kuma ba ta shigo da ko dala ba. Kuɗin bute shi ne mafi ƙanƙanta a cikin wannan lissafi, amma shi ne wurin da mafi yawanmu muke neman sauƙi, ni ma nan na nema.

Buten da motar ta zo da shi daga Turai ya fara kuka bayan kamar wata shida a hannuna, kuma ban yi mamaki ba, tunda ban san tsawon aikin da ya yi kafin ya iso gare ni ba. Na je wani shago a nan Garwa, mai shagon ya ajiye min kwalaye biyu a kan kanta, ɗaya kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na ɗayan ba. Ya ce da ni, “Alhaji, aikinsu ɗaya ne, suna kawai ake saya a wancan.” Na ɗauki mai arahar, na juya shi a hannu, na ga yana sheƙi, kwalinsa ma yana da kyau, na biya. Bai cika wata biyar ba. A watan Afirilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, motar ta ɗauki albasa za ta kudu, ta kama hawan Falez, wannan tudu mai kwana-kwana da ke bayan Mbe, inda hanya ke tashi daga kwarin Binuwai zuwa tsaunukan Adamawa. Wata mota ta lalace a gaba, layi ya taru, ana tafiya ana tsayawa a tsakiyar hawa. Nan direbana ya kira ni ya ce, “Maigida, ƙarar da na gaya maka jiya ta zama ƙarar niƙa, yanzu kuma giya ta ƙi shiga gaba ɗaya.” Kwana biyu motar ta yi a wurin, albasa tana cikin buhu a ƙarƙashin tampol cikin wannan rana, kuma duk wanda ya taɓa fataucin albasa ya san ma'anar haka.

Na je da kaina tare da bakanikenmu, dattijo ne da ya daɗe yana gyaran manyan motoci. Da aka ja akwatin baya, ya ciro buten ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya zazzage abin da ke ciki. Ƙwallayen sun koma shuɗi-baƙi saboda zafi, wasu sun yi ramuka kamar fuskar mai zanzana, biyu sun fashe. Kejin da ke raba su ya narke ya dunƙule gefe guda, giris ɗin kuma ya bushe ya zama gari baƙi kamar na gawayi, idan ka murza shi tsakanin yatsu sai ka ji ɓarɓashin ƙarfe. Dattijon ya ɗauko zarto ya goga a bakin zoben da ƙwallaye ke gudu a kai, ta gefen da wuta ba ta ci ba, sai zarton ya kama ya bar layi. Ya miƙo min ya ce, “Alhaji, ka gani da idonka. Ƙarfen boris na gaskiya zarto zamewa yake yi a kansa.” Gaskiya ya faɗa. Ƙarfen da ake yin boris na kirki da shi, wanda masana'antu ke kira 100Cr6, yana ɗauke da kabon kusan kashi 1 cikin 100 da kuromiyam kusan kashi ɗaya da rabi, sannan a gasa shi a tsunduma har ya yi taurin da zarto ba ya iya cinsa. Wannan gashin da tsabtar ƙarfen su ne masu tsada, kuma su ne ba a gani da ido a kanta. Mai yin jabu yana iya kwaikwayon siffa da sheƙi da kwali, amma a nan yake rage kuɗi, da kuma wajen giris, inda yake zuba wanda ba ya jure zafi.

Ɓarnar ba ta tsaya a buten ba. Da ya daskare ya daina juyawa, sai ya riƙa gugar bakin yatsun sifirin har ya cinye su, saboda haka filato ma ya tashi daga aiki. Kuɗin da na ce na rage a shago bai kai ko rabin kuɗin kai bakanike Falez ba.

A lokacin hannuna ya yi ƙasa, motar kuma dole ta bar bakin hanya, sai muka shiga Ngaundare wajen masu kayan kwance, waɗanda ake kira 'yan kas, muka sayi filato da butensa da aka cire daga irin motar. Ba zan zalunci wannan bute ba. Na ainihi ne, ya yi min wata goma sha ɗaya, kuma da zai mutu ya yi gargaɗi, ya yi mako biyu yana ƙara a hankali har muka samu damar shigar da motar gareji a gida. Matsalar na kwance ita ce kana sayen ragowar rayuwar da ba ka san tsawonta ba. Buten zamani a rufe yake, an zuba masa giris sau ɗaya a masana'anta an like, ba ka da hanyar ganin abin da ya rage a ciki. Abin da ya fi damuna shi ne wata al'ada da na gani a wajen wasu masu sayarwa, ta tsoma kayan a cikin man gas ko fetur don su yi tsabta. Man yana ratsa roba ya narkar da giris, sai a miƙo maka bute mai haske wanda cikinsa a bushe yake. Daga nan mai sayarwa ya buga shi da yatsa ya yi ta juyawa yana shuu, ya ce ka ji lafiyarsa. Wannan juyin alamar rashin giris ce. Bute mai lafiya idan ka juya shi yana tafiya sumul amma da ɗan nauyi, yana tsayawa da zarar ka sake shi, kuma ba ya ƙara ko kaɗan. A wurina na kwance na fitar da mota daga daji ne ya kawo ta gida, ya fi jabu nesa ba kusa ba, amma ban yarda a ɗora masa shirin shekara ba.

A karo na uku na canza yadda nake saye tun daga tushe. Ban tafi da sunan mota kawai ba, domin a ƙarƙashin suna ɗaya akwai injuna da akwatuna da kuloci daban-daban. Na ɗauki kat giriz, wato takardar rajistar mota, na kwafe lambar shasi mai harufa da lambobi 17, na kwanta a ƙarƙashin motar na ɗauki hoton ɗan allon ƙarfen da ke jikin akwatin giya, na kuma riƙe tsohon buten a leda don a gwada tsayinsa da faɗin ramin tsakiyarsa. Da waɗannan aka nemo lambar kayan, na yi oda daga Duwala ta hannun dillalin da ya yarda ya rubuta min rasit mai ɗauke da lambar, na sayi saiti gaba ɗaya, faifai da filato da bute. Na zaɓi Sachs saboda dalilai biyu. Kamfanin ya faro ne a garin Schweinfurt na Jamus a 1895, kuma da boris ya fara sana'arsa tun kafin ya shiga kuloci. Na biyu, tun 2001 yana ƙarƙashin ZF, wato gidan da ya ƙera akwatin giyar da ke jikin motata, kuma kulocin da ta zo da shi ma nasu ne.

Da kwalin ya iso na buɗe shi a gaban dattijon. Abu na farko da hannu ya shaida shi ne nauyi, domin ya fi na farkon nan nauyi a fili ko da yake girmansu ɗaya. Rubutun da ke jikinsa zane ne siriri mai tsabta da aka ƙona a ƙarfe, ba fenti ba ne da farce zai kankare, kuma lambar ta yi daidai da ta kwali da ta rasit. Bakin ƙarfen babu kaifi ko ɓarɓashi, robar da ke rufe giris ta zauna daidai ko'ina. Wani yaron gareji ya tura zoben gaba da babban yatsa, ya ga ya ɗan gusa gefe, ya ce wannan yana da wasa, a mayar da shi. Dattijon ya hana. Wannan gusawar da gangan aka yi ta, don bute ya daidaita kansa da tsakiyar filato, tunda injin da akwatin giya ba sa taɓa zama a layi ɗaya cif, musamman a motar da ta sha hanya. Na kawo wannan ne domin na san an sha mayar da bute mai kyau saboda wannan dalili, a karɓo wanda ba ya motsi ana murna.

Yanzu ya haura shekara biyu a jikin motar. Ya ga hunturu biyu da ƙurarsu, damina biyu da taɓon hanyar Mora zuwa Dabanga, ya hau Falez ya sauka ba adadi. Babu ƙara, fedar tana nan yadda take, giya tana shiga lafiya da sanyin safiya da tsakar rana. Idan na raba kuɗinsa da watannin da ya yi, ya riga ya fi mai arahar nan sauƙi, ba tare da na sa kuɗin sauke akwati da asarar albasa a lissafi ba. Wanda ya ce araha ba ta ado bai yi ƙarya ba.

Akwai abin da mai saye zai haƙura da shi. Kuɗin saitin yana da nauyi ga mai mota ɗaya, kuma ba kowane lokaci ake samun na ainihi a kan kanta a Garwa ko Marwa ba, ni sai da na jira fiye da mako guda motar tana tsaye. Na biyu, manyan sunaye su ne masu jabu suka fi kwaikwayo, saboda haka ganin sunan a kwali bai wadatar ba. Idan aka yi maka tayin saitin babban kamfani a rabin kuɗin da ka sani, ka tambayi kanka wa ya yafe ɗaya rabin. Na uku, wasu tsofaffin kanikawa sun fi son tsohon tsari mai bakin giris, wanda ake ɗura wa giris daga waje, irin na tsofaffin Marsandi da muka taso muna gani. Na fahimce su, domin abin da za ka iya kula da shi da hannunka yana kwantar da hankali. Amma a ƙasar ƙura irin tamu na fi son rufaffe, saboda bakin giris ƙofa ce, kuma sau da yawa yaron mota yana ɗura shi fiye da kima har giris ya fantsama a kan faifai kuloci ya fara zamewa.

Ba Sachs kaɗai ne na kirki ba, kuma ban ce kowa ya bi ni ba. Abokan sana'a masu Renault Kerax da Premium yawanci Valeo na Faransa suke samu a jikin motocinsu, kuma shi ya dace su mayar. Akwai LuK da INA na gidan Schaeffler, akwai SKF na Suwidin. Masu ƙananan motocin kaya na Japan, irin su Canter da Dyna da Isuzu, suna da Exedy da Aisin da NSK da Koyo da NTN. Ƙa'idar da na tsaya a kai ita ce a nemi kamfanin da ya yi wa motar kulocinta na asali, a saya da lamba, a hannun wanda za a iya komawa wurinsa.

Wani kuskure da ya fi jabu saurin kashe kuɗi shi ne rashin bambanta kulocin turawa da na ja. A na turawa, bute yana danna yatsun sifirin zuwa wajen injin. A na ja, wanda ya yi yawa a manyan motocin Turai, bute yana shiga cikin tsakiyar sifirin ya kulle da wani zobe, sai furshet ta jawo shi baya zuwa wajen akwati. Faifan duka biyun yana iya zama milimita 430, don haka wanda ya shiga shago ya ce a ba shi buten 430 kawai bai faɗi komai ba tukuna. Masu manyan motocin Howo su fi kowa lura, domin ana samun iri biyun a cikinsu. Akwai kuma wani iri na uku, inda aka haɗa bute da silindar mai a jiki ɗaya babu furshet, wanda idan ya fara yoyo sai an canza shi ɗungurungum. Ko tsakanin iri ɗaya, bambancin 'yan milimitoci a tsayi ya isa ya sa kuloci ya ƙi saki sosai, ko ya zauna rabin saki yana cin faifai.

Dole in faɗi gaskiya cewa ba kwali kaɗai ya ba wannan bute tsawon rai ba, domin a wannan karon na tsaya a kan aikin tun daga farko har ƙarshe. Da aka cire furshet mun ga kawunanta biyu sun cinye ba daidai ba, ɗaya ya fi ɗaya, wanda ke nufin duk buten da aka sa mata a karkace take jan sa. Aka canza ta tare da bushin ɗinta. Bututun da bute ke zamewa a kai ya yi gaɓa a tsakiya da farce ke kamawa, shi ma aka canza. Muka canza ɗan boris ɗin da ke tsakiyar fulawil da robar man da ke bayan injin, tunda an riga an buɗe kuma kuɗinsu kaɗan ne. Dattijon ya shafa giris siriri a haƙoran sandar akwati, ya zura faifan ya fitar sau biyu, ya goge abin da ya taru. Cikin buten mai rigar roba ne, bai shafa masa komai ba, ya ce giris a wurin ƙura kawai yake tarawa. Ya daidaita faifai da sandar gwaji kafin ya ɗaure filato, ya hana yara su saki nauyin akwatin a kan faifai yayin shigarwa. Zoben kulle sabo aka sa, ba a maimaita tsoho ba, kuma da aka tura furshet kowa ya yi shiru har muka ji ƙas ɗin da ke nuna bute ya kulle a cikin sifirin, sannan ya ja baya ya tabbatar bai fita ba.

Wani abu ƙarami da ya ba ni haushi da na gano shi ne murfin ƙarfen da ke rufe tagar ƙasan gidan kuloci babu shi, kuma babu wanda ya san tun yaushe. Ke nan duk ƙurar hunturu da ruwan da motar ke ketawa a mayo, wato rafi, lokacin damina suna shiga kai tsaye inda bute yake. An yanka wani aka ɗaure da kusoshi huɗu. Na kuma hana masu wankin mota su kai bakin famfonsu wannan wuri.

Sauran rabin maganar yana ƙafar direba. Direbana mutum ne mai amana da natsuwa, amma na lura da shi wata rana a layin duwan, wato kwastan, na Kuseri, inda mota kan gusa tsawon jikinta ta tsaya ta sake gusawa. Ya sa giya ya danne kuloci yana jira, wani lokaci minti biyu, wani lokaci fiye. Duk wannan lokacin cikakken nauyin sifirin yana kan ƙwallayen bute, suna juyawa cikin zafi babu iskar da ke sanyaya su. Na ce masa, “Ƙanena, idan an tsaya ka fitar da giya ka ɗaga ƙafa, birki ne ke riƙe mota, ba kuloci ba.” Ya ce haka ya ga ubangidansa na farko yana yi, amma ya karɓa, kuma ya daina. Mun yi magana a kan ɗora ƙafa a kan feda ana cikin tafiya, da tashi da babbar giya mota tana ɗauke da lodi, da riƙe mota da rabin kuloci a kan tudu, da jijjiga ta gaba da baya idan ta kafe a taɓo maimakon a nemi mai ja. Zafin da faifai ke haifarwa idan yana zamewa ba ya tsayawa a faifan, yana bin sifirin ya iso bute ya dafa masa giris. Ina da yaƙinin cewa da wannan sabon ya faɗa a hannun tsohuwar furshet da tsohuwar al'ada, da bai kai inda ya kai ba, ko da yake da zai fi mai arahar nan daɗewa.

Tun daga abin da ya faru a Falez na koya wa direba da yaron mota yadda za su saurari motar, domin ba kowace ƙara ta wannan wuri ce ta bute ba, kuma an sha sauke akwati a canza abin da lafiyarsa lau. Ana tsayar da mota a fitar da giya injin yana aiki a hankali. Idan shiru ne, sai an fara taka feda ƙara ta taso, an saki ta ɗauke ko ta ragu, to bute ne. Idan kuwa ƙarar tana nan ƙafa a ɗage, an danne kuloci har ƙasa ta ɓace, to a duba boris ɗin sandar shiga ta akwatin giya, domin danne kuloci ne ya tsayar da sandar. Idan ƙarar ba ta fitowa sai an danne har ƙasa an sa giya mota tana tsaye, to ɗan boris ɗin tsakiyar fulawil ne abin zargi. Feda mai tauri ko mai laushi fiye da kima kuwa, a fara duba busta da iskarta da man kuloci kafin a taɓa akwati, a kuma zuba irin man da littafin motar ya ce, domin wasu na man birki ne wasu ba shi ba, haɗa su yana kumbura robobi.

Wannan gwaji bai fi minti ɗaya ba, kuma sharaɗin da na kafa shi ne a yi shi kowace safiya kafin mota ta bar wurin kwana, yaron mota ya durƙusa kusa da gidan kuloci direba yana taka feda. Ranar da suka ji wani abu, ko a Marwa suke ko a Figil, za su kira ni kafin su ɗauki lodi, ni kuma lambar saitin tana rubuce a bangon littafin motar tare da lambar wayar dillalin Duwala, don odar ta kama hanya tun motar tana iya kawo kanta gareji.